Na Sayi Zafi a Al-Ula

Ƙarfe huɗu na asuba suka manna mini lamba a ƙirji,
ɗari biyu da sha bakwai,
kamar kayan da za a aika a mota.
Ni da na shekara tara ina gyaran na'urar sanyi a Madina,
ina hawa tsani don wasu su yi barci,
yau na zaro kuɗi da hannuna
na sayi zafi, kilomita sittin.

A garinmu gudun yada-ƙanin-wani ake ce masa.
Ban zo da ƙanin kowa ba.
Gwiwa na kawo, mai shekara arba'in da uku,
da takalmin da Haladu ya rantse ba jabu ba ne,
da dabino bakwai,
da gishiri ƙulle a leda.

Goman farko yaudara ce.
Fitilun goshi sun watsu a kwari kamar carbi ya tsinke,
ƙafa na cewa yau ranarta ce.
Na wuce wani dogon Bature, na wuce 'yan mata biyu,
har na soma tsara yadda zan ba da labari a shago.

Sai rana ta leƙo ta bayan jajayen duwatsu.
Yashi ya kafa teburin haraji:
ka yi taku uku, ya riƙe ɗaya.
A ashirin da takwas farcen babban yatsa ya yi mini sallama.
A talatin da biyar Baturen nan ya zo ya wuce,
ya ɗaga mini hannu.
Ko haki ba ya yi.

A arba'in akwai rumfa.
Na zube kan kujerar roba, na ce wayyo Allah,
na soma laluben allurar da ke riƙe da lambata.
Mai zuba ruwa ya tsaya cak.
Ya ce, Sannu, ɗan'uwa. Mutumin ina?

Attayib sunansa, daga Mai Wurno, bakin Nilu.
Hausarsa irin ta tsofaffi ce,
kamar zanen da ya daɗe a adaka bai koɗe ba.
Ya cire mini safa bai toshe hanci ba,
ya huda bororon, ya naɗe shi,
ya tura mini ɓarin lemo a baki.

Ya ce, Kakana daga Haɗeja ya tako zai zo hajji.
Shekara bakwai yana tafe, yana noma a hanya.
Kogi ya tsayar da shi, can muka binne shi.
Kai saura ashirin.
Bai ƙara ko kalma ba. Ya mayar mini da takalmi.

Kada in yi ƙarya, abin da ya biyo baya ba gudu ba ne.
Jan jiki ne, da ciniki:
kai ni dutsen can, zan ba ki dabino.
Na yi taimama na yi azahar,
sujada ta yi daɗi har na kusa ƙin ɗagowa.
Cinya ta ƙulle. Harshe ya zama busasshen ƙirgi.
Na yi wa Haladu Allah ya isa, na dawo na yafe masa.
Wani wuri bayan hamsin
na ji kamar taku na biye da nawa, mara takalmi.
Ban waiga ba.

Awa goma sha ɗaya da minti arba'in.
Na iso ana naɗe tutoci.
Wani yaro ya rataya mini ƙarfe a wuya yana hamma.

Tasalla ta kira daga Gusau.
Ka ci?
Na ce ban ci ba, na dai gama.
Ta yi shiru, ta ce, To ka ci abinci.

A motar komawa na'urar sanyi na ɗiga a kafaɗata,
tana wani gurnani da na sani sarai.
Minti goma ya ishe ni in gyara ta.
Na bar ta tana ɗiga.